Jiƙaƙƙen Buhu a kan Kilim ɗin Alhaji Hashimu

Zuwa ga:
Mai Girma Perefe na Gundumar Kance,
Matameye, Jihar Damagaram.

Daga:
Yunus Cha'ibu, malamin lakwal da ya aje aiki,
Bayan tashar mota, Matameye,
A madadin yayarsa, Hajiya Mas'uda Cha'ibu.

Litinin, 19 ga Mayu, 2025.

Game da: Ƙin da Kamfanin Asirans Rumfar Iyali ya yi na gyara ko musanya na'urar sanyaya ɗakin wani majinyaci, da laifin sakaci da ya ɗora wa matarsa.

Ranka ya daɗe,

Bayan sallama da gaisuwar ban girma, ina neman izinin cin ɗan lokacinka, duk da na san a wannan wata teburinka cike yake da maganar ruwan sha da ta irin shuka, waɗanda suka fi tamu girma. Ni ne na riƙe alƙalami, amma ƙorafin na yayata ne, Hajiya Mas'uda, matar Alhaji Hashimu. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko. Ko da ta yi ma, ba ta da hannun rubutu a kwanakin nan, domin ɗaya yana riƙe da mafici, ɗayan da tsumma.

Alhaji Hashimu ya yi rayuwarsa kamar yawancin mazan garin nan, damina a gona, rani a Najeriya. A kakar shekarar 2022 ya faɗi a gonarsa ta gero da ke hanyar Yauri, aka ɗauko shi a amalanke. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke sai kalma ɗaya-ɗaya, kuma tun ranar yake kwance. Likitan da ya duba shi bai ɓoye wa Hajiya komai ba. Ya ce abin tsoro ga mai irin wannan kwanciya shi ne zafi: gumi ya jiƙa baya, fata ta saɓule, gyambo ya buɗe, in kuwa ya buɗe a jikin da ba ya motsi, rufewarsa sai wani ikon Allah.

Saboda wannan magana ne ɗansu Abdurrazak, wanda ya gaji ubansa a cin rani, yana dako a wata kasuwa a Legas, ya haɗa abin da ya samo da kuɗin bijimin gidan, ya sayi kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, a Damagaram a watan Maris na 2023, aka kafa a ɗakin uban. An yi surutu a unguwa, ana cewa gidan da ake daka a turmi ya shiga sahun manya. Hajiya ta ci gaba da hidimarta. Abin da ta sani shi ne mijinta ya ƙetare bazara biyu bayansa sumul, ko ƙurji babu.

A watan Nuwamba na wannan shekarar wani saurayi mai suna Marwan, wakilin kamfanin da na ambata, ya yi sallama a zauren gidan. Daga titi ya hango injin kilim ɗin a jikin bango, domin haka yake gane gidajen da zai shiga. Ya yi bayani da Hausa tsantsa cewa asirans ɗin gida, wato inshora, yana ɗaukar gobara da ambaliya da sata da kuma ɓarnar wutar lantarki. Ya ce in kilim ya lalace kamfani zai gyara, in bai gyaru ba a kawo sabo. Abdurrazak ya sa hannu, kuma bai taɓa fashin biya ba, ko a shekarar da ya kwanta zazzaɓi a Legas.

Dole in yi bayanin buhun tun yanzu, domin a kansa aka rataye maganar duka. Injin da ke waje yana bangon yamma, rana tana dukansa daga azahar har faɗuwarta. Wata rana Hajiya ta dafa shi, ya ƙona mata tafin hannu. Sai ta yi masa abin da kowace mace a ƙasar nan take yi wa jarkar ruwan sha: ta samo buhun garara, irin mai riƙe laima, ta yanke, ta ɗinke gefensa, ta yafa a saman injin, tana yayyafa masa ruwa in rana ta take. Da ruwan da take saya a wurin mai garuwa take yin haka, a watannin da kowa ke auna ruwan alwalarsa. Tausayin ƙarfen take ji, domin a ganinta wahala yake sha a rana saboda mijinta.

Ranar Laraba 9 ga Afrilu na bana, bayan la'asar, wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi. Ƙwayayen lantarki suka fashe a gidaje da dama na layinmu, firijin maƙwabciya mai sayar da ƙanƙara ya ƙone. Kilim ɗin Alhaji ya yi wata ƙara, ɗaki ya cika da warin ƙonewar waya, ya yi shiru. Har yau shiru yake. Ga abubuwan da muke kuka a kansu.

1. An hana a taɓa, kuma ba a zo ba. A yammacin ranar Hajiya ta sa aka kira mata Marwan a waya. Ya ce ta kwantar da hankalinta, amma kada ta kuskura ta bar wani ya kwance ko ƙusa ɗaya kafin ƙwararren kamfani ya iso, in ba haka ba asirans ya faɗi. Washegari wani mai gyaran firiji da ake kira Shekara, wanda gida biyu ne tsakaninsu, ya zo da jakar kayan aikinsa ba tare da an kira shi ba, saboda mutuncin Alhaji. Hajiya ta tare shi a zaure ta ba shi haƙuri ta mai da shi. Shekara ya ce shi bai yi alkawarin zai gyaru ba, amma a bar shi ya buɗe ya gani, ta ce a'a, an ce a jira. Ta jira daga 9 har zuwa 25 ga Afrilu. Ranka ya daɗe, ba sai na faɗa maka yadda Afrilu yake a ɗakin siminti mai rufin kwano ba.

2. Ƙwararren da aka aiko bai buɗe na'urar ba. Ya sauka daga taksin Damagaram ranar kasuwa ba tare da an sanar da kowa ba, ni kuma na tafi jana'iza Kance, don haka ba mai jin Faransanci a gidan. Ya iso ƙofar gida da ɗaurin rake da kwandon tumatir a bayan mai kabu-kabu, yana ta duba agogo kada motar ƙarshe ta bar shi. Da ya zagaya bangon yamma ya ga buhun, sai fuskarsa ta washe, ya ciro waya. Da guntuwar Hausarsa ya tambayi Hajiya ko ita ce ta yi wannan aiki. Ita kuwa, baiwar Allah, ta ɗauka yabo ne. Ta ce ita ce, ta nuna masa ɗinkin, ta gaya masa tun yaushe take yi. Da ya nemi ta gwada masa yadda take zuba ruwan, ta ɗebo a moɗa ta yayyafa, ta ma sake yi don hoton farko bai fita ba. Bai kwance injin ba, bai shiga ɗaki ya ga rabin na'urar da ke ciki ba, bai tambayi maƙwabci ko ɗaya abin da wuta ta yi ranar 9 ga wata ba. An ce masa maigidan yana ciki ko zai leƙa ya gaishe shi, ya ce sauri yake. Da na dawo na tarar da Hajiya tana murna, tana cewa mutumin kirki ne, har hotonta ya ɗauka.

Ni malamin lakwal ne, ban san cikin injin ba. Ba zan rantse cewa buhun bai taɓa cutar da shi ba. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne wanda aka biya don ya sani, shi ma bai duba ba.

3. Wakilin kamfani ya san da buhun tun ranar farko. Marwan ya gan shi ranar da aka sa hannu, ya sake ganinsa da ya zo sabunta asirans a Nuwamban bara. Ina zaune a wurin. Ya yi dariya, ya ce Hajiya ta ɗinka wa kilim hula, ya ce zai gaya wa matarsa wannan dabara. Da ya ce mata a lokacin ta cire, da ta cire kafin ya rufe baki, domin mace ce da in likita ya ce a juya majinyaci sau kaza, ba ta rage ɗaya. Da na tuna masa wannan a waya, ya ce shi ba ya tunawa, kuma maganar baki ba ta cikin yarjejeniya. Na ce masa ai da maganar baki ya sayar mana da yarjejeniyar, sai layi ya katse. Tun daga nan ba ya ɗaukar kirana, ko da yake an gaya mini ana ganinsa a Yauri yana duba bangon mutane.

4. Kalmar da aka rubuta. Ranar 8 ga Mayu amsar kamfani ta iso, da Faransanci, layi kaɗan. Sun ce ba za su biya ba, domin lalacewar ta samo asali ne daga sakacin mai kula da na'urar. Ni aka kira in karanta. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce sun ce akwai matsala a wajen ajiya, amma Hajiya ta san ni tun ina goye a bayanta. Ta ce in faɗa mata abin da aka rubuta yadda aka rubuta shi. Na faɗa mata.

Ina roƙon Mai Girma Perefe ya dubi wadda aka jefa da wannan kalma. Tun kakar 2022 ba ta je biki ba, ba ta je suna ba, gaisuwar mutuwa ma a tsaye take yi ta dawo. Ita ke ɗaga shi, ita ke wanke shi, ita ke dama masa kunu ta ba shi da cokali tana jira ya haɗiye. Da ta ji kalmar ba ta yi kuka ba, ni dai ban gani ba. Ta tashi ta cire buhun ta jefa a murhu. Abin da ya fi damuna shi ne tun ranar ta daina yarda da hannunta. In za ta jiƙa tsumma ta goge wa mijinta jiki, sai ta aika a tambayi majo, ma'aikacin jinyar da ke zuwa wanke masa ciwo, ko ruwan ba zai yi illa ba. Dangin Alhaji kuma sun ji labari, domin ba a ɓoye komai a Matameye, har wata ƙanwarsa ta faɗa a tsakar gida cewa tunda masu ilimi sun rubuta, ai ba za su rubuta ƙarya ba.

5. An sa ta bar majinyaci ta yi tafiyar banza. Da na matsa a waya, aka ce mai ƙorafi ta zo da kanta ofishin kamfani a Damagaram, tunda ita ce a hoton. Ranar 13 ga Mayu muka bar Alhaji a hannun maƙwabta muka hau taksi, mu huɗu a kujerar mutum uku. Muka tarar shugaban ofis ya yi tafiya. Sakatariyarsa, wadda ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri don har ruwa ta ba mu, ta ce dosiye, wato takardun maganarmu, yana Yamai. Ta kuma yi mana wani bayani da har yanzu nake juyawa a kaina. Ta ce kamfani ba ya musanya na'ura sai an tabbatar ba ta gyaruwa, ba a tabbatarwa sai ƙwararre ya buɗe, ƙwararre kuma ba ya komawa kan dosiyen da aka rufe. In mun sa wani ya buɗe da kanmu, mun zubar da 'yancin ɗaukaka ƙara. Ta ƙara da cewa ko da an yarda za a biya, za a cire kuɗin tsufa, domin kilim mai shekara biyu ba sabo ba ne. Na koyar da lissafi shekara da shekaru, amma ban taɓa ganin lissafin da kowace hanya ka bi sifiri yake ba ka ba sai wannan.

Ɗakin jiran ofishin nan sanyi ƙalau, har Hajiya ta ja mayafinta ta rufe kafaɗa. Mu biyu ne kawai a ciki. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, ta ce mini ita ba baƙin ciki take yi da su ba, amma ta yi ta kallon kujerun nan da ba kowa a kansu suna shan sanyi.

6. Halin da majinyacin yake ciki. Abin da likita ya faɗa tun farko ya faru. A ƙarshen Afrilu fata ta saɓule a ƙugunsa, yanzu wuri biyu ne, na biyun ya yi zurfi har majo ya daina ba mu amsa in mun tambaye shi, sai ya ce a ci gaba da addu'a. An sa fanka, amma iskar zafi take juyawa. In rana ta faɗi maza biyu suna ɗauko shi da katifarsa zuwa tsakar gida, da safe a mai da shi, kowace ɗagawa kuma tana taɓa ciwon, yana nishi yana runtse ido. Abinci ya ragu zuwa cokali uku ko huɗu. Hajiya tana zaune a kansa da mafici har wuyan hannunta ya kumbura, in na ce ta ba ni in karɓe ta, sai ta ce ban iya ba.

Za a iya tambaya me ya hana mu sayi wani kilim mu huta. Abdurrazak ya gwada. Abin da ya tara a ranin bana da naira, da aka canza shi zuwa sefa, bai kai rabin kuɗin ba, bijimi kuma an riga an sayar tun na farko. Abin da nake karɓa na aje aiki a kantin magani yake ƙarewa. Yaron yana kira kullum daga Legas yana tambaya ko ya taho, uwar tana ce masa ya tsaya ya ƙara nema, shi kuma yana tsoron ya tsaya neman kuɗin sanyi a kira shi zaman makoki.

Ranka ya daɗe, ba zan yi kamar ban san iyakar ikon kujerarka ba. Kamfanin nan a Yamai shugabanninsa suke, ba ƙarƙashinka suke ba, kuma na san takarda irin wannan takan yi wata da watanni tana tafiya daga tebur zuwa tebur. Waɗanda na yi shawara da su sun ce in bar wahalar da kaina. Na rubuto ne domin Hajiya ta tambaye ni ko akwai sauran wanda ba mu gaya wa ba, na duba na ga saura kai. Don haka, cikin ladabi, muna roƙon abubuwa kamar haka:

Na farko, a sa baki kamfani ya aiko wanda zai buɗe na'urar a gaban shaidu, ya kuma saurari maƙwabtan da wuta ta yi wa ɓarna a rana ɗaya da mu. In an buɗe aka ga buhun ne, za mu karɓa, mu ba da haƙuri.

Na biyu, in hakan ba zai yiwu da wuri ba, a ba mu izini a rubuce Shekara ya buɗe ya gwada sa'arsa ba tare da an ce mun karya yarjejeniya ba. Wannan ba zai ci wa kamfani ko dala ba.

Na uku, a janye kalmar sakaci daga takardar 8 ga Mayu. In dole sai sun ƙi biya, su nemi wani dalili su rubuta, suna da su da yawa.

Na huɗu, a ja kunnen wakilan da ke shiga gidajen mutane su riƙa faɗin abin da aka hana da harshen da suka faɗi abin da aka yi alkawari, kada wata ta sake tsayawa a gaban waya tana murmushi ana ɗaukar shaida a kanta.

Roƙona na ƙarshe nawa ne ni kaɗai, Hajiya ba ta san na sa shi ba. Ban san yaushe amsa za ta fito ba, kuma jiya majo ya ja ni gefe a zaure ya ce in gaya wa Abdurrazak ya taho, kada ya jira ruwan shuka. Idan Allah ya riga ya yi ikonsa kafin amsar ta iso, ko ta yarda ce ko ta ƙi, ina roƙon a ba ni ita a hannuna. Kada a aika mata gida. Ba na so tana cikin takaba a yi sallama a ce an kawo wa Alhaji kilim.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Perefe lafiya da adalci, ya sa ya gama da kujerarsa lafiya. Ka karɓi gaisuwa da biyayyar talakanka,

Yunus Cha'ibu
(sa hannu)

A madadin Hajiya Mas'uda Cha'ibu, wadda ta dangwala yatsa a ƙasa.